Kafin ka kashe kuɗinka kan littafin sunayen taurari

Wallahi duk wanda ya fara neman asalin sunayen taurari, littafin Richard Hinckley Allen yake fara cin karo da shi, na 1899 ɗin nan da kamfanin Dover ya sake bugawa a 1963, ga kauri ga arha, Girkawa da Larabawa da Sin da Indiya duk ya zuba a wuri ɗaya, kuma daɗin karatu kam ba magana. To amma ɗan'uwa ka yi hattara, mutumin ba masanin Larabci ba ne, daga littattafan wasu yake kwasowa, kuma a zamaninsa ba a gama gane rubutun allunan Babila ba. Ni ba zan ce ka jingina da shi ba gaskiya.

Ɗauki Betelgeuse, wani jan tauraro mai haske. Allen ya kai sunan ga hammata, ibɗ al-jauza. Paul Kunitzsch, Bajamushen da ya ƙarar da rayuwarsa kan rubuce-rubucen Larabci na falaki, ya nuna yad al-jauza ne, wato hannun Jauza (sunan da Larabawa ke kiran rukunin taurarin da yake ciki), wani mai kwafe a Turai ne ya ga harafin "ya" mai ɗigo biyu ya karanta shi a matsayin "ba" mai ɗigo ɗaya, shi ke nan sunan ya bi duniya a karkace. Duk wanda ya taɓa riƙe allo ya san yadda ɗigo ɗaya ke ɓata kalma. Shi ya sa in littafi ɗaya tal za ka saya, sayi na Kunitzsch da Tim Smart, bugun 2006, ɗan siriri ne, sunaye 254, babu tatsuniya amma kowane suna an bi shi har gida.

In labaran Girkawa kake so, Star Tales na Ian Ridpath ya isheka, kuma yana shafinsa na intanet kyauta, kar ka ɓata ko sisi. Na Babila kuwa sai MUL.APIN, wato tsohon kundin taurarinsu da ke kan alluna, aikin Hunger da Steele ya fi sabunta kan na Hunger da Pingree na 1989, sai dai tsada, kuma na masu bincike ne sosai, in ba digiri kake yi ba ka nemi aro a laburare.

Amma abin da ke raina shi ne, mu da muke da Larabci a zaure me ya sa za mu tsaya jiran fassara? Kitab al-Anwa na Ibn Ƙutaiba yana nan, an buga shi a Haidarabad a 1956, a ciki za ka ga manzilolin wata 28, wato taurarin da wata ke sauka a kansu, su Surayya da Dabaran da Zira'a da Nasara da Ɗarfa, irin dai waɗanda tsofaffinmu ke lissafin damina da su. Surayyar nan ita ce kaza da 'ya'yanta fa. Sai ka haɗa da Suwar al-Kawakib na al-Sufi, na wajen 964, shi ya jera sunayen Larabawan sahara gefe da taurarin Batlamiyus, masanin falakin Girkawa na da, har da zane.