Sharhi kan allon ESP32 mai ƙafa 30: neman ƙafafun da suka dace da enkoda

Na sayi allon ESP32 mai ƙafa 30 ne, wato ƙaramar kwamfutar sarrafa na'urori mai ƙafafun jona waya, domin haɗa na'urar daidaita zafi a injin ƙyanƙyashe ƙwai, kuma abin da nake buƙata shi ne maɓallin murɗawa guda ɗaya, wato enkoda samfurin KY-040, wanda za a riƙa ƙara zafi ko rage shi da shi. Ƙwaƙwalwar da ke kan allon ta kamfanin Espressif ce da ke Shanghai, wadda ta shigo kasuwa a shekarar 2016, amma shi allon kansa masana'antu da dama ne suke yin sa. Nawa ya zo a leda ba tare da ko takardar zanen ƙafafu ba.

Enkodar ba ta da wuyar sha'ani. Ƙafafunta biyar ne: CLK da DT masu nuna ɓangaren da aka murɗa, SW na dannawa, sai ƙafar wuta da GND, wato ƙafar da wutar take komawa ta kanta. A kan allon Arduino Uno ƙafa ta 2 da ta 3 kaɗai aka ware wa saƙon da ke katse aikin ƙwaƙwalwa daga waje, alhali a ESP32 kusan kowace ƙafa tana iya wannan aiki, ga kuma ma'aunin ƙirga bugun lantarki da aka gina a cikinta, wanda ya sa ko an murɗa da sauri ba na rasa ƙirge. Wannan ne babban abin yabo a wurina.

Sai dai ƙafafun ba matsayinsu ɗaya ba, ko da yake rubutun da ke jikin allon bai nuna haka ba. Ƙafa ta 12 ita ce mafi haɗari ga mai amfani da KY-040, domin ƙwaƙwalwar tana duba ta a lokacin tashi, kuma idan ta tarar da wuta a kanta sai ta mayar da lantarkin ma'adanar bayanai zuwa bolt 1.8, allon ya ƙi tashi. Tun da enkodar tana ɗauke da resista masu jan CLK da DT zuwa sama, wato masu sa musu wuta, ɗora ɗaya daga cikinsu a wannan ƙafa ya isa ya sa mutum ya zaci allon ya ƙone. Ƙafafu na 2 da 5 da 15 su ma suna da hannu a tashin allon, don haka na ƙaurace musu. Su kuwa 34 da 35, da VP da VN waɗanda su ne 36 da 39, karɓar saƙo kawai suke yi, kuma ba su da resistar ciki. Za su iya ɗaukar CLK da DT, amma SW ba za ta zauna lafiya a kansu ba, saboda a enkodar da na samu gurbin resistarta fanko ne.

Abin da ya yi mini aiki shi ne 32 da 33 ga CLK da DT, sai 25 ga SW, kuma ukun a jere suke a gefe guda. Lambar da ke bayan harafin D a rubutun ƙafafun wannan allo ita ce ake rubutawa a manhaja, saɓanin allon NodeMCU mai ƙwaƙwalwar ESP8266 inda D1 take nufin ƙafa ta 5.

Ƙorafina biyu ne. Ƙafar 3V3, mai ba da bolt 3.3 da za a jona wa enkodar, tana ɗaya gefen, ita kuwa VIN da ke kusa tana ba da bolt 5 idan an jona USB, abin da ƙafafun ESP32 ba a yi su don ɗauka ba, saboda haka dole waya ta tsallaka allon. Sannan faɗinsa yana cinye allon gwaji har ramuka layi ɗaya kawai suke saura a gefe guda. Duk da haka zan sake sayensa, amma wanda bai taɓa riƙe shi ba ya fara buga zanen ƙafafun samfurin mai 30, domin jerin na mai 38 daban yake.