Shekara guda ina sayayya da lambobin rangwame a intanet

A shafin biyan kuɗi na kusan kowane kantin intanet akwai wani ɗan akwati da aka tanada domin mai lambar rangwame ya shigar da ita kafin ya biya. Na daɗe ina tsallake wannan akwati ba tare da na kula da shi ba, har sai da na fara jin cewa duk lokacin da na biya cikakken farashi alhali yana nan fanko, kamar na bar wani haƙƙi nawa ne a hannun mai kanti. Wannan tunanin ne ya sa na shafe kimanin shekara guda ba na sayen komai ta intanet sai na fara neman lamba, ko a cikin saƙonnin imel da kantuna ke turowa, ko a manhajojinsu, ko a shafukan da ke tattara irin waɗannan lambobi. Na kuma ware littafi guda ina rubuta farashin da na fara gani, da abin da lambar ta yi alkawari, da abin da ya fita daga asusuna a ƙarshe. Daga wannan littafin na fitar da sharhin nan.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Ana danganta farkonta da kamfanin Coca-Cola, wanda tun a 1887 ya riƙa raba takardun da ke ba mai riƙe da su damar shan kofi ɗaya na lemon kamfanin kyauta, kuma abin da intanet ta yi kawai shi ne mayar da takardar zuwa jerin haruffa da lambobi da kwamfutar kanti ke tantancewa cikin ƙiftawar ido. Lambar kan rage wani kaso na farashi, ko ta cire wani ƙayyadadden adadi, ko ta ɗauke wa mai saye kuɗin kawo kaya. A bayan kowace lamba kuwa akwai sharuɗɗa, kuma a cikinsu ne ainihin darajarta take.

Zan fara da inda na ci riba ta gaskiya, domin adalci ya buƙaci haka. Na buƙaci firinta, na zaɓi wadda nake so, sannan na yi makonni shida ina leƙa farashinta ina rubutawa, har na tabbatar da cewa bai motsa ba. Wata rana na sanya ta a kwandon sayayya, na kai har shafin biya, sai wani uzuri ya taso na rufe kwamfutar. Bayan kwana biyu saƙo ya shigo daga kantin yana tuna mini cewa na bar kaya a kwando, tare da lambar ragin kashi 10 cikin 100 wadda za ta ƙare cikin awa 48. Na shigar da ita, jimillar ta sauka daidai yadda aka ce, ba a ƙara mini komai a kuɗin kawowa ba, firintar kuma ta iso lafiya. Daga baya na fahimci cewa kantuna da yawa suna da tsarin da ke aika irin wannan saƙo da kansa ga wanda ya bar kwando, matuƙar ya shiga da asusunsa kuma suna da adireshinsa na imel. Ba kowane kanti ke haɗawa da ragi ba, amma na gwada a wasu wuraren na dace. Abin da ya sa wannan ragin ya zama ragi shi ne na riga na san kayan da nake so, na kuma san farashinsa na yau da kullum kafin lambar ta zo. Haka nan lambobin da ke ɗauke kuɗin kawo kaya ba su taɓa ba ni kunya ba, domin abin da suke cirewa a fili yake, babu wani lissafi da za a ɓoye a ƙarƙashinsa.

Inda na sha kashi kuwa a kan takalmi ne, kuma labarin ya cancanci a tsaya a kansa, saboda kusan duk tarkon da ke cikin harkar ya taru a cikinsa. Ina da lambar ragin kashi 10 cikin 100, amma sharaɗinta shi ne sai sayayya ta kai wani mafi ƙarancin adadi. Domin sauƙin lissafi, mu ɗauki wannan adadin a matsayin 100. Takalmin da nake so ya tsaya a 90. Da na shigar da lambar sai wani jan rubutu ya fito yana cewa saura kaɗan in cancanci ragi, a ƙarƙashinsa kuma aka jero mini ƙananan kayayyaki da zan iya ƙarawa. Na zaɓi safa da man goge takalmi, waɗanda ba na buƙatarsu ko kaɗan, suka kama 15, jimilla ta zama 105. Lambar ta yi aiki, na biya 94 da rabi, na tashi daga gaban kwamfuta ina jin na yi wayo. Sai da na zo rubutawa a littafina na lura cewa da ban taɓa lambar ba, 90 kawai zan biya.

Abin bai tsaya nan ba. Takalmin ya zo ya matse ni, na mayar da shi bisa ƙa'idar kantin, ina sa ran a dawo mini da 81, wato farashinsa bayan an cire kasonsa na ragin. Abin da ya shigo asusuna 79 da rabi ne. Da na tuntuɓi sashen kula da masu saye, ma'aikaciyar da ta amsa ta yi mini bayani cikin ladabi cewa tunda abin da ya rage a odar bai kai mafi ƙarancin adadin ba, ragin ya faɗi gaba ɗaya, saboda haka an lissafa safar da man a cikakken farashinsu. Lambar kuma ta ƙone, domin sau ɗaya ake amfani da ita, ko da an mayar da kayan. Na koma na karanta sharuɗɗan, na tarar duk wannan a rubuce yake cikin ƙananan haruffa masu launin toka, a ƙarƙashin wata mahaɗa da ban taɓa dannawa ba. Ban ga laifin ma'aikaciyar ba, kuma ba zan ce an cuce ni ba, amma garin neman gira na tashi da safa da man goge takalmin da babu takalmin da zan goge da shi.

Tun daga nan na fara karanta sharuɗɗa kafin in yi murna, kuma abubuwan da na riƙa gani suna maimaita kansu. Lambar da ke shelar ragin kashi 20 cikin 100 sau da yawa tana da rufi, wato iyakar abin da za ta iya cirewa, ta yadda idan kayan ya ninka adadin da rufin ya dace da shi sau biyar, ragin na haƙiƙa ya koma kashi 4 kacal. Kalmar "har zuwa" da ake sanyawa gaban babban kaso ita ma abar lura ce, domin kaya ƙalilan ne ke kaiwa wannan matakin. Sau da yawa ana cire wayoyi, da kwamfutoci, da kayan manyan kamfanoni daga cikin abin da lamba ke shafa, kuma a kasuwannin intanet da ke tara 'yan kasuwa da yawa, lambar wani mai sayarwa ba ta aiki a kan kayan wani. A 'yan wuraren da aka yarda a haɗa ragi biyu ma, lissafin ba tarawa ba ne: kashi 20 sannan kashi 10 suna ba da kashi 28 ne, ba 30 ba, saboda na biyun yana hawa ne kan abin da na farkon ya bari.

Abin da ya fi damuna shi ne farashin da ake ja wa layi a kai a ce shi ne na da. A lokutan manyan gwanjo irin su Black Friday, wato Juma'ar gwanjo ta ƙarshen Nuwamba, ko ranar 11 ga Nuwamba wadda kamfanin Alibaba na China ya mayar da ita ranar sayayya tun 2009, na ga kayan da nake bibiya a littafina sun hau kwanaki kaɗan kafin ranar, sannan lamba ta sauko da su kusa da inda suke tun farko. Matsalar ta yi yawan da Tarayyar Turai ta kafa doka a kanta, wadda ta fara aiki a watan Mayun 2022, inda aka wajabta wa mai sanar da ragi ya nuna mafi ƙarancin farashin da ya sayar da kayan cikin kwanaki 30 da suka gabata. Wanda yake saye a inda babu irin wannan doka, shi ne zai zama mai tsaron kansa. Akwai kuma agogon da ke ƙirga mintuna yana cewa ragin ya kusa ƙarewa. Wani dare na bar ɗaya ya kai sifili da gangan, na sabunta shafin, sai ga shi ya koma farko yana sake ƙirgawa.

Ba zan ɗora wa kantuna laifin duka ba, domin mu masu saye muna da namu kason. A 2012 kamfanin kantuna na JCPenney da ke Amurka, a ƙarƙashin shugabansa Ron Johnson, ya daina yawan gwanjo da takardun rangwame, ya sauke farashi ya tsayar da shi wuri ɗaya. Masu saye suka gudu, cinikin shekarar ya faɗi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, aka sallami shugaban a watan Afrilun 2013. Da na karanta wannan labari na ga kaina a cikinsa, domin daɗin da nake ji idan jimilla ta sauka a gaban idona ya fi ƙarfin abin da ragin ya kai a kuɗi, kuma masu tsara waɗannan shafuka sun san haka sarai.

Shafukan da ke tattara lambobi su ne suka fi cinye mini lokaci a banza. Mutum zai buɗe shafi ya ga jerin lambobi da alamar cewa an tantance su yau, ya kwafi ɗaya bayan ɗaya yana liƙawa, kanti yana amsa masa da cewa wa'adinta ya wuce ko ba ta shafi kayansa ba. Na taɓa ɓata kusan rabin awa a haka ban samu ko ɗaya mai aiki ba. Sai daga baya na gane dalilin da ya sa ba su damu da share matattun lambobi ba: da zarar ka danna domin a nuna maka lamba, shafin kan buɗe kantin ta mahaɗarsa ya ajiye wani ɗan fayil da ake kira kuki a burauzarka, kuma idan ka saya, shi ke karɓar la'ada daga kantin ko lambar ta yi aiki ko ba ta yi ba, saboda a yawancin tsare-tsaren wanda aka bi ta mahaɗarsa a ƙarshe shi ke da ladan. Girman kuɗin da ke cikin wannan sana'a ya bayyana lokacin da PayPal, kamfanin biyan kuɗi ta intanet, ya sayi Honey, manhajar da ake liƙa wa burauza tana gwada lambobi da kanta, a kan kusan dala biliyan 4 a farkon 2020. A ƙarshen 2024 an zargi manhajar da karɓe la'adar da ta kamata ta je ga masu tallata kaya a YouTube da makamantansa, aka kuma shigar da ƙararraki a kotu a kan hakan. Wadda ni na gwada wata ce daban. Ta rage mini wahalar kwafa da liƙawa, ta samo mini ƙaramin ragi 'yan lokuta, amma izinin da ta nema na ganin duk shafin da na buɗe ya fi ƙarfin amfanin da take yi mini, saboda haka na cire ta bayan wata biyu.

A dandamalin da ake biya duk wata, kamar na karatu ko na ajiyar fayiloli, lambar ragi kan shafi watan farko ne ko shekarar farko kawai, kuma tunda an riga an karɓi bayanan katin banki, sabuntawa na tafiya da kanta a cikakken farashi. Sau ɗaya na manta, na biya wata biyu na darussan da ban buɗe ba. Yanzu a ranar da na yi rajista nake kashe sabuntawar, ko in sanya tunatarwa a waya kwana uku kafin wa'adin.

Game da saƙonnin da ke yawo a WhatsApp da Facebook cewa wani babban kanti yana raba takardun sayayya kyauta don bikin cikarsa shekaru kaza, a tura wa mutum goma sannan a cike fom, ban ga ko ɗaya na gaskiya ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Lambar rangwame ta gaske a shafin biya na kantin ake shigar da ita, kuma ba ta buƙatar lambar sirrin kati ko lambar da banki ke turowa ta waya.

Da shekara ta zagayo na zauna da littafin na raba sayayyar gida biyu, wadda da ma zan yi ko babu lamba, da wadda lamba ce ta jawo ta. A kashin farko ragin gaskiya ne, ko da yake bai kai yadda nake zato ba, kuma mafi yawansa daga firintar nan ya fito da kuɗin kawo kaya da aka ɗauke mini. Kashi na biyu ya cinye wannan ribar har ya ɗan haura. Saboda haka ban daina amfani da lambobin ba, amma na sauya tsari: sai na cika kwando da abin da na zo saye, na ga jimilla tare da kuɗin kawowa, sannan in duba imel da manhajar kantin na minti biyu ko uku, idan babu in biya in tashi. Na kuma cire kaina daga jerin saƙonnin tallan kantuna da dama, na bar uku da nake saye a wurinsu a kai a kai. A yanzu haka akwai lamba daga ɗayansu a akwatin saƙona wadda za ta ƙare ranar Lahadi, kuma tawadar firintar ta kusa ƙarewa, sai dai da na buɗe sharuɗɗan na tarar tawada na cikin kayan da aka cire.