Manhajar YouVersion da addu'ar mai aikin dare

Ni ma'aikaciyar jinya ce a Jos, kuma duk wanda ya san aikinmu ya san ba mu da tsayayyen lokaci. Wannan mako aikin safe, mai zuwa na rana, kafin ka ankara na dare ya zagayo. A gidanmu ƙarfe 5 na asuba Mama take tashin kowa addu'ar safe, rani da damina, haka muka buɗe ido muka tarar. Yanzu kuwa wannan lokacin yakan same ni a tsaye ina auna zafin jikin marasa lafiya. Saboda masu irin rayuwata nake so in faɗi ra'ayina a kan manhajar Littafi Mai Tsarki ta YouVersion, musamman ɓangarenta na addu'a, wanda mutane da yawa suna da shi a waya amma ba su taɓa leƙawa ba.

Wata ikkilisiya ce a jihar Oklahoma ta Amurka, mai suna Life.Church, ta fito da ita a 2008. Kyauta ce, ba a biyan ko sisi, kuma babu tallar da za ta faɗo maka a tsakiyar karatu, don da gudummawar masu bi ake ɗaukar nauyinta. A 2021 an sanar cewa an sauke ta fiye da sau miliyan 500. Abin da ya fara jan hankalina shi ne akwai Hausa a ciki. Akwai fassarar da muka saba ji daga bagade, akwai kuma Sabon Rai Don Kowa ta 2020 mai sauƙin harshe. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, kakanninmu suka riƙa tattalin kwafi ɗaya gida guda, yau ga shi a aljihun rigar aikina. Idan ka sauke fassarar sau ɗaya, ko babu data za ka karanta.

Amma abin da ya riƙe ni shi ne jerin addu'o'i. Mu Kirista akwai alkawarin da ya fi kowane sauƙi a bakinmu: "Zan sa ki a addu'a." Bayan sujada ranar Lahadi wata 'yar'uwa za ta riƙe hannunka ta ce ɗanta zai rubuta JAMB, wata ta ce maigidanta ya rasa aiki, a Zumuntar Mata a karanto sunayen marasa lafiya. Kowa ya ce amin da zuciya ɗaya. Zuwa Laraba rabin sunayen sun bi iska, ba don mugunta ba, hidimar duniya ce ta yi yawa. A manhajar nan kana rubuta roƙon da kansa, ya zauna yana jiranka. Ni a bakin ƙofar coci nake rubutawa, kafin in tare Keke. A wurin aikinmu kowane mara lafiya yana da takardar magani, ba don mun raina ƙwaƙwalwarmu ba, sai don rai ya fi ƙarfin a dogara da tuni kawai. Haka na ɗauki jerin nan.

Akwai kuma wurin da za ka nuna cewa an amsa addu'a. Wannan ƙaramin abu ya yi mini aiki fiye da yadda na zata. A Luka 18 Yesu ya ba da misalin gwauruwar da ta yi ta sintiri wurin alƙalin da ba ya tsoron Allah, har ya gaji ya bi mata hakkinta, kuma an faɗi dalilin misalin tun a aya ta farko: a riƙa addu'a kullum, kada a karaya. Abin da ke karya mutum shi ne ganin kamar yana magana ba mai ji. Ranar da zuciyata ta yi nauyi, nakan koma in duba waɗanda aka amsa: haihuwar da aka ji tsoro ta zo lafiya, kuɗin makarantar da ya fito daga inda ba a zata ba, 'yan'uwa biyu da suka shirya bayan gaba. Daga nan nake samun ƙarfin komawa kan waɗanda har yanzu shiru, kuma suna nan da yawa. Akwai roƙon da ya shekara a jerina bai motsa ba. Ban goge shi ba, ba kuma zan goge ba.

Batun lokaci, kai ne za ka zaɓi sa'ar da za ta tuna maka. Daniyel sau uku a rana yake durƙusawa, Zabura 55 ta ambaci maraice da safe da tsakar rana. Abin da na fahimta a nan shi ne mutanen Allah sun keɓe lokaci, ba su jira sai sun ji sha'awa ba. Ni duk sa'ad da jadawalin aiki ya canza, sai in canza tunin. Makon dare ina sa shi wajen ƙarfe 2, bayan an gama zagayen magani ɗaki ya lafa. Minti goma ne a kan kujerar tebur, wani lokaci ma ba ya kai, ƙararrawar wani gado ta katse. Duk da haka ya fi babu.

Sai abubuwan da nake so mai saukewa ya yi hattara da su. Manhajar tana ƙirga maka kwanakin da ka jera kana buɗe ta. Wasu wannan lissafin yana ƙarfafa su, ban musa ba. Sai dai buɗe manhaja daban, addu'a daban, kuma na ga matasa a ƙungiyar mawaƙa suna nuna wa juna lambarsu. A Matiyu 6 Ubangiji cewa ya yi ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa. Shawarata ita ce ka kawar da ido daga lambar gaba ɗaya, ranar da ta koma sifiri kada ka ɗauka sama ma ta goge ka.

Haka nan ana iya tura roƙo ga abokai su taya ka, har ka ga sanarwa cewa wane ya yi addu'a dominka. Yana da daɗi ƙwarai, musamman ga wanda yake nesa da gida. Amma asirin wani ba naka ba ne. Ni ba na sa sunan mara lafiya ko ciwonsa a abin da zan tura, kuma damuwar auren wata idan ta ba ni amana, a ɓangaren da ni kaɗai nake gani take zama. Mun san yadda gulma take shigowa da rigar "mu taya ta da addu'a".

Sannan waya waya ce. Kana tsakiyar Zabura saƙon WhatsApp zai leƙo ta sama. Na saba kashe data kafin in fara karatu, in kunna bayan na ce amin. Shirye-shiryen karatu na kwana-kwana kuma na Turanci sun fi na Hausa yawa nesa ba kusa ba, don haka tsofaffinmu da ba su yi boko mai zurfi ba za su fi amfana da nassin kansa, in an samu jika ya saita musu ya ƙara girman rubutu.

Wanda wayarsa ba ta da wuri sosai, akwai ƙaramarta mai suna Bible App Lite da aka yi don wuraren da intanet ke wahala, ita na sa wa ƙanwata da ke makaranta. Babbar kuwa sai ka yi rajista kafin ka samu jerin addu'o'in. Masu gadi, direbobin doguwar tafiya, 'yan'uwana na asibiti, da duk wanda aikinsa ya raba shi da addu'ar safe ta iyali, ku nake ba shawara ku gwada. Ku fara da sunaye uku na mutanen da kuka yi wa alkawari a makon nan, ku sa tunin a sa'ar da kuka tabbata kuna farke.