Rilen ya tada min firij, robar ƙofa ta ɓata min rai

Abu uku na yi oda a lokaci guda: rilen tada kwamfuresa (injin da ke samar da sanyi a firij), obalod (abin da ke katse wuta in injin ya ja wuta da yawa) da ke maƙale a gefen rilen, da robar ƙofa. Ciwon firij ɗina shi ne fitilar ciki tana kamawa amma sanyi babu. In ka kasa kunne a bayansa za ka ji kwamfuresa ta yi ƙugi na 'yan daƙiƙoƙi, sai ka ji ƙyas, ta yi shiru, bayan 'yan mintoci ta sake. Jikinta kuwa zafi zau. Mai gyaran da ya duba ko murfin bai buɗe ba ya yanke hukunci cewa ta mutu, sai an canza ta an yi ɗurin gas. Ni dai zuciyata ba ta kwanta da maganar ba.

Na zare filogi daga soket, na cire baƙin murfin da ke gefen kwamfuresa, na zaro tsohon rilen. Da na girgiza shi kusa da kunne sai ya riƙa ƙara kamar tsakuwa a cikin gwangwani. A cikinsa akwai wani ɗan faifai mai kama da tangaran, shi ake kira PTC. Idan yana da sanyi yana barin wuta ta wuce zuwa naɗin wayar da ke tada injin, nan da nan ya ɗau zafi ya toshe hanyar, injin ya ci gaba da juyawa da kansa. In faifan ya farfashe, injin ba zai iya tashi ba, sai ya yi ta jan wuta mai yawa har obalod ya yi zafi ya katse. Wannan katsewar ita ce ƙyas ɗin da nake ji.

Kafin in ɗora sabon na gwada ƙafafu ukun da ke jikin kwamfuresa da mitar auna om, wato yadda abu ke tare wuta, biyu-biyu. Ƙa'idar ba wuya: lamba uku za ka samu, ƙananan biyun in ka haɗa su dole su ba ka babbar. Nawa sun bayar daidai, kuma babu ƙafar da ke taɓa jikin ƙarfen. Sabon rilen ma na auna shi, ya nuna kusa da om 22, daidai da abin da ke rubuce a jikin tsohon. Na tura shi ya zauna daram, na mayar da wayoyin yadda na ɗauke su a hoto, na jona.

Jama'a, ko ƙyas ɗaya ban ji ba. Ta tashi lafiya lau da wannan siririn gurnanin da na kusa mantawa da shi. Can baƙin bututun baya ya fara ɗumi, na sa hannu a firiza na ji sanyi yana cizon yatsa. Washegari ma'aunin da na ajiye a ciki ya nuna digiri 4 a ɗakin firij, firiza kuma ta kusa 18 ƙasa da sifiri. Injin da aka ce in zubar, ga shi ɗan abin da bai cika tafin hannu ba ya tashe shi. A lokacin da an tambaye ni, tauraro biyar zan bayar ba musu.

To amma fa ko takarda ɗaya babu a kwalin. Ba zanen waya, ba bayanin ƙarfin injin da obalod ɗin ya dace da shi, alhali akwai na kwamfuresa mai ƙarfin doki 1/6, akwai na 1/5, akwai na 1/4. Wanda ya yi ƙarami zai riƙa katse wuta ba gaira ba dalili, wanda ya yi girma kuwa yana kallo injin zai ƙone. Da na tambayi mai sayarwar sai ya ce, "Yallaɓai, ai duk ɗaya ne, ka sa kawai." Ban sa ba. Tsohon obalod ɗina lafiyarsa ƙalau, shi na bari.

Robar ƙofa ce ta ƙarasa kashe min jiki. Na aika lambar firij ɗin da ke maƙale a bangon ciki, na aika tsawo da faɗi, amma aka nannaɗe ta aka cusa a kwalin da ya yi mata kaɗan, ta iso kusurwoyi duk a murɗe. Na jiƙa ta a ruwan zafi ta ɗan saki. Wajen sakawa na ga haƙorin bayanta da ke shiga ramin ƙofar ya fi na asali siranta, ka tura nan can ya fito. Da ƙyar ta zauna. Na saka takarda a bakin ƙofar na rufe, na ja: a sama tana riƙewa, a kusurwar ƙasa kuwa zamewa take salin-alin, maganaɗisun wurin ba ya kama komai. Ba a jima ba raɓa ta fara taruwa a gefen, kwamfuresa ta daina hutawa yadda ya kamata. Mai sayarwar cewa ya yi in ba ta lokaci za ta saba. Roba ce ko amarya? Na ɓalle ta, na wanke tsohuwar na mayar, kuma wallahi ta fi ta riƙo.

Saboda haka biyar ɗin nan ta koma uku, ukun ma rilen ne ya ci su shi kaɗai. Mai irin matsalata ya saye shi, amma ya duba lambar tsohon da yawan bakin wayarsa tukuna, domin wani yana da wurin jona kafasita (ɗan abin da ke adana wuta yana taimaka wa injin), wani ba shi da shi. In ka kashe firij don gwaji, ka ba shi kamar minti 5 faifan ya huce kafin ka sake jonawa. Bututun gas kuwa ban kusance su ba: R600a ne rubuce a jikin kwamfuresata, kuma wannan gas ɗin kama wuta yake yi. Robar tana nan cikin kwalinta, har yau ina jiran mai sayarwar ya ce in mayar.