Zoom MS-70CDR: a ɗaki kamar mafarki, a wajen dina ta kusa ba ni kunya

Wata uku kenan da sayen wannan fedar (ƙaramar na'urar da ake takawa da ƙafa, mai ƙara wa sautin jita amsa-kuwwa), kuma da a satin farko na yi rubutun nan da yabo kawai za ku sha. Jita nake bugawa a wata 'yar ƙungiya da muke zuwa dina da kamu nan cikin Kaduna, amfilifayata Katana 100 ce, kuma na daɗe ina jin yadda jita ke buɗewa hagu da dama a hedfon ina cewa wai me mutanen nan suke sawa ne. Daga Legas na yi oda, aka sako min a mota na je Mando na karɓa. Kuɗin kam ba zan faɗa ba, ba sai na tayar wa kaina da hankali ba.

Ranar farko shirme na yi. Na sa jita a feda, feda a bakin amfilifaya ta gaba kamar yadda na saba, na murɗa gain, wato maɓallin da ke sa sautin jita ya yi kaushi, sai amsa-kuwwar ta dagule ta zama kunu, don duk maimaicin da fedar ta yi sai ya sake bi ta cikin dattin amfilifayar. Kuma wai da sifika ɗaya nake jiran sitiriyo, wato sautin da ke rabuwa hagu da dama! Sai da abokina mai kibod ya zo ya yi min dariya son ransa sannan ya ara min Katana 50 MkII ɗinsa. Ita ba ta da Send da Return irin na 100, wato ramukan da ke fitar da sauti zuwa feda su dawo da shi, amma tana da ramin Power Amp In a baya, mai kai sauti kusan kai tsaye ga sifika, shi ma ya wadatar. Ga yadda muka haɗa: jita ta shiga Katana 100 ta gaba, waya ta fito daga Send ta shiga ramin hagu na fedar, fitar hagu ta koma Return, fitar dama ta tafi Power Amp In na ƙaramar. Kenan a wuri ɗaya ake dafa sautin, fedar ta raba shi biyu, kowace sifika ta ɗauki rabonta.

Wallahi da na raba su, ɗaya bakin ƙofa ɗaya jikin taga, na kunna dilen nan, wato maimaicin sauti, mai tsalle hagu da dama na taɓa waya ɗaya tak, sai da tsigar jikina ta tashi. Ɗakina na Tudun Wada da ko tabarma biyu ba ya ci sai ya koma kamar wani babban zaure. Ƙanwata ta leƙo tana tambaya wai Yaya ku nawa ne a ciki. Ban ajiye jitar ba sai da aka ɗauke wuta.

To sai ranar dinar Barnawa. Mun isa da wuri, holin a kan janareta yake, na jona babbar amfilifayar a soket ɗin bango, ƙaramar kuma aka ba ni wata doguwar waya daga can wajen masu miksa, wato masu kula da sautin holin. Ina kunnawa sai huuuum, wani ƙugi mai kauri, ga kuma wani siririn fito a samansa kamar sauro a kunne. Ban ma taɓa jitar ba fa. Na rage ƙarar jita har ƙasa, yana nan. Na canza wayoyi uku, yana nan. Mai miksa ya taso ya ce, "Malam, kayanka ne fa, nawa lafiya lau suke," a gaban ƙanin ango da ya ɗauko mu, shi kuma ya tsaya yana kallona yana kallon agogo. Gumi har cikin takalmi. A zuciyata na gama tsine wa fedar, na ce ashe kayan ɗaki ce, na yi asarar kuɗina.

Wani yaron mai miksar ya ce in kawo filogin ya karya ƙafar as ɗin, wato ƙafa ta uku mai kai wuta ƙasa don kariya, wai haka suke yi ƙugin ya mutu. Na ce a'a ɗan'uwa, ƙafar nan ita ke tsakanina da lahira, hannuna a kan wayoyin ƙarfe yake bakina kuma a kan makirfo. Mai kibod ne ya ce in zare wayar da ta tafi ƙaramar amfilifayar mu gani. Ina zarewa ƙugin ya ɗauke ɗif, saura fiton. Na zare adaftar fedar na sa batir AA guda biyu da na ciro daga rimot ɗin wani bawan Allah, fiton ma ya tafi. Ashe cuta biyu ce ta haɗu. Fiton na adaftar ne. Ƙugin na amfilifaya biyu ne da kowace ke da as ɗinta ta soket daban, ga kuma wayar sauti ta sake haɗa su, sai wutar ta samu zagaye tana yawo, abin da kake ji shi ne bugun 50 Hz na wutarmu. Muka mayar da su kan soket ɗaya ya ragu sosai har aka iya yin kiɗa. Daga baya na sayi Behringer HD400, ɗan akwatin kashe irin wannan ƙugin, na sa a layin da ke zuwa ƙaramar, ko wuta ba ya ci, tun daga nan ban sake jin ƙugin ba.

Fedar dai ba ruwanta, na janye tsinuwata. Amma mutumin da ya sayar min, shi kam ban yafe ba. Sai da na ce masa ya sa min adafta mai kyau 9V, ya ce Oga orijina ce, na ƙara masa kuɗi a kai, ya sako min wata mara nauyi kamar kwalin ashana ko suna babu a jikinta. A ɗaki ban lura ba saboda a hankali nake kunnawa. Na kira shi washegari ya ce wai wutar Arewa ce ba ta da kyau, na tura masa bidiyo, har yau shuɗin layi biyu kawai nake gani.

Abin da ya fi ƙona min rai ma sai da aka fara taro. Bayan duk wannan wahalar mai miksa makirfo ɗaya ya sa a gaban babbar, ya ce layinsa ya cika, kuma dama duk sifikun holin abu ɗaya suke fitarwa. Kenan rabin amsa-kuwwar ne ya isa wajen mutane, ɗaya rabin ni da mai ganga muka sha abinmu a kan dandamali. Na ɗauko amfilifaya biyu a Keke tun daga Tudun Wada, na biya kuɗin mutum uku, don mutum biyu su ji sitiriyo.

Yanzu in za mu fita sai na fara kiran mai miksar wurin na tambaye shi ko zai ba ni layi biyu ya ware su hagu da dama. In ya fara ce min "ai duk ɗaya ne Malam", Katana 100 kawai nake ɗauka, fitar hagu ta koma Return, in zaɓi dile mara tsalle, ƙaramar kuma ta yi zamanta a gida. Mai ita ma ya fara tambayar yaushe zan dawo masa da kayansa.