Yaya, na je silima a Liyon na tarar da maganar gidanmu

Yaya, barka da war haka. Ina fatan Inna ta kwana lafiya, ƙafar ta sassauta, zafin Damagaram kuma bai hana ku runtsawa ba. Kin ce in bar aiko saƙon murya na minti ɗaya ina ta "lafiya lau, lafiya lau", in zauna in ba ki labarin yadda ake riƙon tsofaffi a nan Faransa, tunda aikina ke nan. To ga ni na zauna. Amma da silima zan fara, don ita ta tayar mini da zancen.

Ranar Laraba ake sako sababbin fina-finai a duk faɗin Faransa. Wata abokiyar aikina 'yar Kamaru ce ta ja ni wata ƙaramar silima ta unguwa. Manyan na tsakiyar gari tikitinsu ya haura yuro 10, wannan kuwa yuro 7 kowa ya biya, wato jikka huɗu da rabi da ɗoriya a kuɗinmu. Kujera mai laushi, ɗaki ba zafi ba sanyi, kuma shiru kamar ana zaman makoki. Ba mai ɓare gyaɗa a kunnenki, ba mai yi wa jarumi ihu ya waiwaya kamar a gidan kallon bayan gidanmu. Wallahi sai da na yi kewar hayaniyar.

Labarin wata tsohuwa ce a ƙauye da gigin tsufa ya fara kamawa. Tana ajiye makulli a firji, tana kiran 'yarta da sunan ƙanwarta da ta daɗe da rasuwa. 'Ya'yanta mata biyu. Babbar tana kusa, ita ke wanka, ita ke ba da magani, har ta rage ranakun aikinta. Ƙaramar tana Paris, takan zo a jirgin ƙasa sau ɗaya a wata da furanni da shawarwari. Na ɗauka ta birnin ce za ta ce a kai uwar gidan tsofaffi. Ashe babbar ce ta ce ta gaji, a kai ta. Ƙaramar ta yi tsalle ta dire, wai ba za a jefar da uwarta ba, sannan ta duba agogo don kada jirgin yamma ya bar ta.

Da aka kunna fitila ba a watse ba. A irin waɗannan ƙananan silimomi akan ajiye wata rana a tattauna bayan fim, ana miƙa makirfo daga layi zuwa layi. Wani dattijo mai sanda ya fara, ya ce fim ɗin ya yi tsawo, kuma bai ga dalilin da za a tsayar da kyamara minti da minti a kan wankan tsohuwa ba. Kafin ya sauke hannu wata mata mai kamar shekara 60 ta karɓe, ta ce duk fim ɗin wurin nan kaɗai ne gaskiya. Shekara 11 ta yi tana jinyar uwarta, ba a taɓa nuna mata a bango yadda bayan mai ɗaga mutum daga baho yake lanƙwashewa ba sai yau. Wata ɗaliba ta ce an zalunci ƙaramar, ai ita ke biyan mai zuwa taimako, kuma nisa ba laifi ba ne. Sai wata murya daga baya ta ce, to ina ɗan'uwansu namiji? Shi dai sau biyu aka ji shi, duka ta waya, yana cewa duk abin da suka yanke ya yi. Mata suka kwashe da dariya, irin dariyar da kika sani. Na tuna da autanmu, ban ce komai ba.

Abokiyata ba ta karɓi makirfo ba, a kunne ta raɗa mini nata. Ta ce kin lura da baƙar matar da ke zuwa gidan da safe? Ba a ba ta suna ba, gaisuwa kawai ta yi ta ɗaura atamfar aiki. Mu ke nan, ta ce. A manyan biranen nan wannan aiki ya cika da matan Afirka.

Yanzu ga abin da kika tambaya. Ta wajen kaya, Yaya, ba a haɗa su da mu. Likita ya rubuta takarda, a kai farmasi, kwana ɗaya ko biyu sai ga gado mai tashi da sauka da maɓalli an kawo har ɗaki, an haɗa. Haya ake yi, inshorar lafiya ta gwamnati ke biya, mutum ya miƙa koren katinsa kawai. Akwai katifa mai hura kanta da iska gefe-gefe don kada kwanciya ta huda fatar baya. Duk lokacin da na taɓa maɓallin nan sai in tuna ki da zane kina juya Inna ke kaɗai da asuba. Keken guragu, sandar dogarawa mai ƙafa huɗu, kujerar wanka, ƙarfen kamawa a bangon bayi, duk akwai. Malamar asibiti na zuwa gida ta yi allura ko ta wanke ciwo. Akwai wani abu kamar agogo da ake ɗaura wa tsoho, in ya faɗi ya latsa, wani ya amsa daga ofis ko da ƙarfe uku na dare ne, shi kam ana biyansa wata-wata. Kunzugun manya ne inshorar ba ta biya, ga tsada, amma yana riƙe dare guda ba ya yoyo. Abinci ma ofishin magajin gari na aikowa a roba, a ɗumama a ci. Tsafta kam ba a magana, sai dai ba ƙamshi. Inna ba za ta kai loma biyu ba za ta ce a dama mata fura.

Hannun da zai yi aikin kuwa da agogo ake sayar da shi. Tun 2002 akwai wani tallafi da ake kira APA ga wanda ya kai shekara 60 ya kasa yi wa kansa. Hukumar jiha ta turo masu dubawa, su ga ko yana iya tashi, wanka, cin abinci, su sa shi a mataki daga 1 zuwa 6. Na 1 zuwa 4 ake ba taimako, a ce awa kaza a mako, shi ma ya cika wani abu daidai ƙarfin fanshonsa. Awowin nan su ne ni. Ina shiga in latsa waya a san na iso, ina fita in latsa. Cikin awa ɗaya in tashe ta, in yi mata wanka, in sa mata kaya, in ba ta karin kumallo, in goge ƙasa. Akwai wata tsohuwa a hawa na huɗu da kullum sai ta dafa kujera ta ce in zauna mu sha kofi. Ba a rubuta zama a takardar aikina ba, kuma wata na jirana a ƙetaren kogi. A gidanmu maƙwabta uku sun leƙo Inna kafin hantsi, ba wanda ya latsa komai.

Gidan tsofaffin da aka yi rigima a kansa a fim, EHPAD suke ce masa. Da yawansu kuɗin wata ya haura yuro 2000, sama da miliyan ɗaya da jikka ɗari uku ke nan, a cikin Liyon ma ya fi haka. Fanshon yawancin waɗanda nake yi wa aiki bai kai nan ba. Abin da zai ba ki mamaki, dokar ƙasar, sashe na 205, ta wajabta wa 'ya'ya ciyar da iyayensu in sun rasa, sashen da ke bi masa ya haɗa har da surukai. In 'yan'uwa suka kasa shiryawa alƙali ne ke raba musu, wane kaza, wance kaza. Mu can bakin unguwa ne alƙalinmu, kuma shi ba ya duba takardar albashi, wadda ke kusa kawai yake ɗora wa. Gidajen kuma ba duka suke ɗaya ba. A 2022 wani ɗan jarida ya fitar da bincike a kan wani babban kamfanin irin gidajen, inda ake ƙididdige wa tsofaffi kunzugu da abinci don riba, ƙasar ta ɗauki zafi. Na kuma shiga wasu da na ga ana tsefe wa tsohuwa kai ana mata waƙa.

Abu ɗaya nake so ki gyara wa masu cewa Turawa na zubar da iyayensu. Yawancin tsofaffin nan a gidajensu suke, kuma da yawansu akwai wata 'ya ko mata da ke ɗauke da su, kamar matar nan mai shekara 11. Kaɗaicin dai gaskiya ne. A watan Agustan 2003 zafi ya kashe kimanin mutum 15,000 a Faransa, galibi tsofaffi, wasu sai bayan kwanaki aka buɗe ƙofa aka same su. Zafin da ba zai hana ki zuwa kasuwa ba. Tun daga nan ma'aikata ke yin aikin yini ɗaya a shekara ba biya don asusun tsofaffi, ofishin magajin gari kuma na riƙe sunayen masu zama su kaɗai, a riƙa bugo musu waya in rana ta ƙwalle. Mai jinyar iyaye ma na iya ɗaukar hutu daga aiki, tun 2020 har ana ba shi wani abu na 'yan kwanaki ƙidayayyu. Ke shekara shida ke nan ba a ba ki ko yini ɗaya ba.

A hanyar gida cikin metiro, jirgin da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa, abokiyata na ta zancen fim, ni hankalina na kan bara, ranar da kika ce a samo wata mata ta riƙa kwana da Inna ko sau uku a mako don ki sami barci. Kin tuna amsata? Na ce me mutane za su ce, a ce Inna ta haifi mata biyu amma bare ke kwana da ita. Na faɗa ina kwance a kan gadona a nan, na kashe waya na yi barcina har safe. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kuma na tsaya daga nesa ina hana a liƙe. Ki yafe mini, Yaya. Ki nemo matar, wadda Inna za ta sake da ita, ki yi ciniki da ita, ni zan biya daga watan nan, daban da kuɗin cefane. In wani ya yi magana ki ce ni na sa.

Katifar iskar na fasa saya, don sai da wuta dare da rana take aiki, da yadda ake ɗauke muku wuta za ta sace a ƙarƙashinta. Na sami ta soso mai ramuka da ba ta bukatar komai, da kunzugu kwali biyu, da man shafa wa baya. Wani ɗan garinmu zai taho da su ƙarshen wata. Keken ne ban saya ba tukuna. Ki sa autanmu ya auna mini faɗin ƙofar ɗakin Inna da ta bayi, da tsayin dokin ƙofar, ya turo mini kafin Asabar.