Black Star: Faifai Biyu Cikin Shekara 24

Wanda ya saba da gambarar Amurka irin ta gidajen rediyo, wadda ba ta cika wuce zancen motoci da sarƙoƙin zinare ba, zai ji baƙon abu idan ya kunna faifan farko na Black Star, wato Mos Def da Talib Kweli, mawaƙa biyu 'yan unguwar Brooklyn ta birnin New York. Ba kowane mai tura waƙoƙi a kasuwar waya ta Farm Centre ba ne ya san sunan, don haka ta intanet na saurari faifan, kuma har yanzu shi nake komawa kansa idan kunne ya gaji da hayaniya.

Faifan ya fito ne a 1998 a ƙarƙashin ƙaramin kamfanin Rawkus, bayan kisan Tupac a 1996 da na Biggie a 1997, lokacin da gaba tsakanin mawaƙan gabashin Amurka da na yammaci ta kai ga zubar da jini. A waƙar "Definition" sun ambaci mutanen biyu da suna, suna kira da a daina wannan ta'asa. Sunan da suka zaɓa ma daga Black Star Line ya fito, kamfanin jiragen ruwa da Marcus Garvey, ɗan gwagwarmayar baƙaƙen fata daga Jamaika, ya kafa a 1919 don haɗa baƙaƙen fata na ƙetare da Afirka.

Abin da ya fi riƙe ni shi ne yadda muryoyin biyu suka sha bamban amma suka dace. Mos Def yana rera baitinsa cikin natsuwa, wani lokaci ya karkata zuwa salon Jamaika, har wanda ba ya jin Turanci sosai zai iya bin amshinsa. Kweli kuwa cusa kalmomi yake yi a layi ɗaya har su yi wa kiɗan yawa, kuma a nan ne nake ganin rauninsa, domin akwai baitocin da sai na buɗe rubutaccen matani a waya kafin na gane inda ya dosa. Kiɗan Hi-Tek, ɗaya daga cikin masu haɗa kiɗan faifan, ne ke sasanta su. A "Respiration", inda mawaƙi Common na Chicago ya shigo, sun siffanta birni kamar mai rai da ke numfashi da dare. Na saurare ta a cikin adaidaita sahu a titin Zoo Road bayan sallar isha, janareta na ruri a gaban shaguna, masu shayi suna hura wuta, sai na ji babu wani baiti a cikinta da ke buƙatar a yi wa Bakano bayani.

Daga nan kowa ya kama gabansa. Mos Def, wanda Musulmi ne, ya buɗe faifansa na 1999 da Bisimilla, daga baya kuma ya koma amsa sunan Yasiin Bey. Sai a 2022 suka sake fitar da faifai tare, No Fear of Time, wanda Madlib ya haɗa wa kiɗa gaba ɗaya. Gajere ne, kiɗansa na da dushi-dushi da gangan, kuma a wasu wurare muryar Yasiin takan nutse har sai an ƙure sauti. Akwai hikimar manyanta a ciki, amma zafin faifan farko babu shi.

Babban ƙorafina yana kan yadda aka fitar da shi. Da farko an killace shi a wata manhaja ta biyan kuɗi da dala, a shekarar da bankuna suka tsaurara biyan irin wannan da katunan naira. Na fahimci hujjarsu, cewa manhajojin sauraro suna biyan mawaƙi abin da bai taka kara ya karya ba. Sai dai matasan da ke koyon gambara a ƙananan situdiyo na Kano, waɗanda su ne suka fi buƙatar jin yadda ake zuba ma'ana a baiti ba tare da batsa ba, akasarinsu ba su samu damar jin sa ba a lokacin da ya fito.